Zubin ƙarfe da jiragen ruwa: daga tukunyar New Bell zuwa farfelar tashar Douala

Zubin ƙarfe shi ne a narka ƙarfe har ya zama ruwa, a kwarara shi cikin gurbin da aka riga aka yi wa siffa, a bar shi ya huce ya daskare. Da Faransanci ana kiran sana'ar da wurin yin ta fonderie. Ta wannan hanya ake yin tukunyar da ake sayarwa a kasuwannin New Bell, ta wannan hanya kuma ake yin farfelar jirgin da ke sauke shinkafa da alkama a tashar Douala. Tukunya ba ta wuce 'yan kilo ba. Farfelar babban jirgi tana iya haura ton 100.

Douala ce babbar ƙofar teku ta Kamaru, kuma ta nan ne yawancin kayan Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ke shiga. Direban tirela mai jiran lodi zuwa N'Djamena, da ɗan kasuwar Garwa mai jiran kwantena, da ɗan dako a bakin tasha, duk abincinsu yana rataye da jiragen nan. Kamaru tana da wurin gyaran jirage, tana narka alminiyam tun 1957, tana kuma da masu zubi a unguwanni. Duk da haka manyan sassan jirgi da ake zubawa daga Turai da Asiya suke zuwa. Girman tanderu yana daga cikin dalilai, amma ba shi ne babba ba. Babban dalili shi ne shaida: mai sayen farfela ba ya yarda da abin da ido ya gani, sai an nuna masa abin da ke cikin ƙarfen.

Yadda ake zubi

Hausawa sun daɗe da raba maƙera gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu gasa ƙarfe ya yi jawur su doke shi a kan uwar maƙera, su fitar da fartanya da gatari da lauje. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda sukan narka su zuba. Masana'antar zamani ba ta rushe wannan rabo ba, walda kawai ta ƙara a kai. Jikin jirgi falle-fallen ƙarfe ne da aka haɗa da walda. Doguwar sandar da ke ɗauko ƙarfin inji ta kai wa farfela ƙera ta ake yi, domin duka yana matse ƙarfe ya ƙara masa juriya. Zubi kuwa ana komawa gare shi ne idan siffar ta fi ƙarfin guduma: abu mai lanƙwasa, mai kauri a nan da siranta a can, ko mai rami a ciki.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai zubin tukunya ya ga dukan matakan. Zai ɗauko tukunya mai kyau ya mai da ita samfuri, ya sa ta cikin akwatin katako, ya cika da yashi mai ɗan laka da danshi, ya daddanna. Sai ya buɗe akwatin ya zare samfurin, ya bar gurbinta da kafar da ruwan ƙarfe zai bi. Can gefe alminiyam na narkewa a kan gawayi, yaro na juya fanka. Ana kwararawa, bayan 'yan mintoci a fasa yashin, tukunya ta fito. A babbar masana'anta samfurin katako ne ko roba da inji ya sassaƙa, ana haɗa yashin da siminti ko danƙon sinadari, gurbin kuma rami ne a ƙasa da mutum zai iya yawo a ciki. Tsarin dai ɗaya ne.

Inda hanya ta fara rabuwa shi ne wuta. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, abin da gawayi ke iya kaiwa ba wahala. Tagullar farfela tana neman fiye da digiri 1,000. Baƙin ƙarfen zubi mai yawan sinadarin kabon, wanda Faransanci ke kira fonte, yana neman kusan 1,200. Tataccen ƙarfe, wato acier, sai an wuce 1,500, kuma a yau da tanderun lantarki ake narka shi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar narki, hasarar ba ta tsaya ga lokaci ba, ƙarfen yana iya daskarewa cikin tanderun ya lalata shi.

Abu na biyu shi ne tsukewa. Ƙarfe yana raguwa idan yana hucewa, tataccen ƙarfe da kusan kashi 2 cikin 100 na tsawonsa. Saboda haka ana yin samfuri ya ɗara abin da ake so girma. A tukunya wannan ba wata damuwa ba ce, don jikinta siriri ne, lokaci guda yake daskarewa. A abu mai kauri kuwa bayan ne ke fara daskarewa, cikin yana ruwa, kuma idan cikin ya tsuke ba abin da zai cike wurin, sai kogo ya ɓuya a tsakiya. Maganinsa shi ne a bar rumbun ruwan ƙarfe a saman gurbin, wanda zai riƙa ciyar da cikin har ya gama daskarewa, daga baya a yanke shi. Shi ya sa a zubin tataccen ƙarfe abin da ake narkawa yakan kusa ninka nauyin abin da za a miƙa wa mai saye.

Sassan jirgi da ake zubawa

Farfela ce sarauniyar sana'ar. Jirgin kwantena Emma Maersk, wanda aka ƙera a Denmark a 2006, farfelarsa guda ɗaya ce mai fukafukai 6, faɗinta mita 9.6, nauyinta ton 131. Kamfanin MMG ne ya zuba ta a Waren, wani ƙaramin gari na Jamus da ke bakin tafki, ba bakin teku ba. Irin wannan jirgi ba ya iya shiga Douala, domin tashar tana cikin kogin Wouri, kimanin kilomita 50 daga buɗaɗɗen teku, kuma zurfin mashigar bai wuce wajen mita 7 ba, shi ma sai ana yashe ta kullum. Don haka aka gina tashar Kribi mai zurfi, wadda ta fara aiki a 2018. Amma jiragen da ke shiga Douala ma farfelarsu takan haura ton goma, kuma da irin wannan tagullar ake yin ta.

Haɗin sananne ne: kusan kashi 80 jan ƙarfe, kusan kashi 9 ko 10 alminiyam, sauran nikel da baƙin ƙarfe da ɗan manganis. An zaɓe shi ne saboda ruwan gishiri ba ya cin sa da sauri, ƙananan halittun teku ba sa son manne masa, kuma yana jure wani ciwo da ake kira cavitation. Idan farfela na juyawa da ƙarfi, matsin ruwa yana raguwa a bayan fiffike har kumfa ya tashi kamar ruwan yana tafasa. Kumfan nan yana fashewa a jikin ƙarfen sau dubbai, yana tsattsage shi kaɗan-kaɗan, har fiffiken ya zama kamar wanda gara ta ci. Bayan zubi ana barin babbar farfela cikin gurbi kwanaki, wani lokaci fiye da mako, kafin ta huce. Daga nan inji ya sassaƙe ta, a goge ta, a auna fukafukan. Idan ɗaya ya ɗara 'yan'uwansa nauyi, jirgin gaba ɗaya zai riƙa karkarwa.

Bayan farfela akwai firam ɗin gindin jirgi, étambot da Faransanci, wanda ke riƙe da sandar farfela, da ƙahon da ake rataya faifan juya jirgi a kansa. Waɗannan da tataccen ƙarfe ake zuba su, a manne su da jikin jirgi da walda, kuma ba a sa ran canza su har jirgin ya tsufa. Akwai anga da kafar da sarƙarta ke bi. Akwai turakun ƙarfe da ake ɗaure jirgi a bakin tasha. A cikin inji akwai gidan silinda da rigunan silinda. Injin Emma Maersk mai silinda 14 nauyinsa ya kai ton 2,300, kuma kaso mai yawa na wannan nauyi zubi ne. Sai ɗaruruwan bawul da famfo da ke shigo da ruwan teku don sanyaya inji.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. Idan tagulla da baƙin ƙarfe suka haɗu cikin ruwan gishiri, sukan zama kamar batir, wuta mai rauni ta riƙa gudana tsakaninsu, baƙin ƙarfen ya riƙa cinyewa. Sai ake liƙa wa jikin jirgi dunƙulen tutiya ko na alminiyam, waɗanda ake kira anode, domin tsatsar ta koma kansu. Aikinsu ke nan, su cinye a canza su duk lokacin da aka fito da jirgi gyara.

Aibin da ido ba ya gani

Zubi yana iya fitowa sumul a waje alhali cikinsa da kogo, ko kumfan iska, ko yashin da ya ɓalle daga gurbi, ko tsaga mai siririn gashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Farfelar babban jirgi tana juyawa kusan sau 100 a minti, dare da rana, kuma kowane juyi yana ɗan buɗe tsagar yana rufewa. Bayan wata ko shekara fiffike ya karye a tsakiyar teku.

Saboda haka ne aka kafa hukumomin tantance jirage. Lloyd's Register ta Ingila ta samo asali a 1760, Bureau Veritas a 1828, DNV ta Norway a 1864. Jirgin da ba shi da takardar ɗaya daga cikin irinsu da wuya ya sami inshora, wanda ba shi da inshora kuwa da wuya wani ya ba shi kaya. Su kuma ba sa karɓar zubi sai daga masana'antar da suka riga suka bincika suka amince da ita. Kowane narki ana ɗibar samfurinsa a auna sinadaran da ke ciki. Ana zuba ɗan guntu tare da babban aikin, a ja shi da inji har ya tsinke, a doki wani da guduma mai lilo don a ga ko mai gautsi ne. Ana bin jikin zubin da na'urar sauti irin ta duba ciki a asibiti, ko a ɗauki hotonsa da hasken da ke ratsa ƙarfe, a shafa masa jan ruwa mai shiga tsaga. In ya tsallake, a buga masa lamba da hatimi, takardarsa ta bi shi har ƙarshen rayuwar jirgin. Mai jirgi yana biyan kuɗin ƙarfe, amma rabin abin da yake saye takardar nan ce.

Jiragen ƙarƙashin teku

A nan ne lamarin ya fi tsanani. Kowace mita 10 da aka nutsa, nauyin ruwa yana ƙaruwa da kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A zurfin mita 300, kowane murabba'in mita na jikin jirgi yana ɗauke da kimanin ton 300. Jikin kuwa ba rufaffen kwano ba ne: akwai kafofin bututun ruwa, da na sandar farfela, da na harba makamai, kuma da yawa daga cikin bakunan kafofin nan da bawul ɗinsu zubi ne. Ranar 10 ga Afrilu 1963 jirgin Amurka USS Thresher ya nutse da mutum 129. Binciken sojan ruwa ya fi zargin wani haɗin bututu, ba zubi ba, amma daga wannan hatsari ne aka kafa tsarin SUBSAFE, wanda ya wajabta a iya bin asalin duk wani sashe da ke tare ruwan teku, tun daga tanderun da ya fito.

Tsarin ma yana da inda yake yoyo. Masana'antar Bradken da ke Tacoma a Amurka ta kasance babbar mai zuba wa jiragen ƙarƙashin teku na ƙasar ƙarfe mai tsananin ƙarfi. A 2017 aka gano cewa shugabar sashen gwajin ƙarfe tana canza sakamako tun 1985, a kan zubi fiye da 240. Daga cikin gwaje-gwajen akwai na dukan ƙarfe cikin sanyin digiri 73 ƙasa da sifili, wanda ita a ganinta ba shi da ma'ana. Kamfanin ya biya dala miliyan 10.9 a 2020, ita kuma an yanke mata ɗaurin shekara biyu da rabi a 2022. Ba jirgin da aka ce ya nutse saboda haka. Amma sai da sojan ruwa ya koma ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya, don da zarar takarda ta zama abin shakka, ƙarfen ma ya zama abin shakka.

Ga jirgin ƙarƙashin teku, farfela tana da wani aiki bayan tuƙi: ta yi shiru. Kumfan da aka ambata a baya yana da ƙara, kuma da ƙara ake farautar jirgin. Shi ya sa ake lulluɓe farfelarsa idan an fito da shi tudu. A 1987 asiri ya tonu cewa reshen kamfanin Toshiba na Japan da Kongsberg na Norway sun sayar wa Tarayyar Sobiyet injinan sassaƙa masu aiki da kwamfuta, waɗanda Amurka ta ce sun taimaka wajen rage ƙarar farfelar jiragen Sobiyet. Rigimar ta kai ga takunkumi da murabus ɗin shugabannin Toshiba. A 2021 kuma ma'aikatar tsaron Birtaniya ta sayi kamfanin Sheffield Forgemasters dungurungum, don kada wurin da ke zuba wa jiragenta manyan sassa ya rufe. Ƙasashen da suka fi kowa wa'azin kasuwa ta yi halinta, da aka zo kan tanderu ba su bar wa kasuwa ba.

A Afirka, Aljeriya da Masar da Afirka ta Kudu ne ke tafiyar da irin waɗannan jirage, dukansu sayowa aka yi. Kamaru da Najeriya ba su da ko ɗaya. Amma yaƙin cikin ruwa ba baƙo ba ne a Wouri.

Wouri a 1914, da asalin New Bell

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Douala tana hannun Jamus. Jamusawa ba su da manyan jiragen yaƙi a wurin, sai suka kare garin da abin da ke hannunsu. Suka nutsar da jirage da dama a mashigar kogi don su toshe ta, suka dasa nakiyoyi, suka kuma haɗa bama-bamai a Douala suka ɗaura wa ƙananan jirage don su tarwatsa HMS Dwarf na Ingila. Ranar 16 ga Satumba 1914 jirginsu Nachtigal ya kai wa Dwarf karo da gangan, shi ne kuwa ya ƙone ya nutse. Ingilishi suka fasa hanya tsakanin jiragen da aka nutsar, HMS Challenger ya wuce ya buɗe wa garin wuta, Douala ta miƙa wuya ranar 27 ga Satumba. Cikin rundunar Janar Charles Dobell da ta sauka akwai bataliyoyin Najeriya, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu. Kafin su janye, Jamusawa sun nutsar da dandamalin gyaran jirage mai iyo da suke da shi a tashar, Ingilishi suka tsamo shi. Tun a lokacin kowane ɓangare ya san darajar wurin gyara.

New Bell ma 'yar wannan zamani ce. Jamusawa sun ƙwace filayen bakin kogi daga hannun 'yan ƙabilar Duala don su keɓe wa Turawa da harkar tasha, suka ware wa baƙar fata wuri a baya, da tazarar kilomita ɗaya tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Akasarin 'yan Duala ba su zauna a sabon wurin ba, baƙi ne suka cika shi: Hausawa fatake, da Bamileke, da Bassa, da Yarbawa, da mutanen da suka zo daga sauran gaɓar Afirka ta Yamma. Unguwar Hausawa da manyan kasuwannin New Bell daga nan suka tsiro. Tasha ce ta kori mutane ta haifi unguwar, tasha ce kuma ta ci gaba da ciyar da ita.

Abin da ke kwance a ƙarƙashin tekun Kamaru yau

Abin tsaro a yanzu ba jirgin abokin gaba ba ne, dukiya ce da ke shimfiɗe a ƙasan ruwa. Wayar intanet ta SAT-3 tana fitowa tudu a Douala, WACS a Limbe, akwai wadda ta haɗa Kribi da Legas, da SAIL mai tsawon kusan kilomita 6,000 da ta haɗa Kribi da Fortaleza ta Brazil a 2018. Bututun man Chadi mai kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, yana shiga teku a Kribi ya kai ga jirgin ajiya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, ciki har da SAT-3 da WACS, suka yanke a gaɓar Kodebuwa, an fi zargin zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, bankuna da masu tura kuɗi ta waya suka ji a jikinsu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A duniya baki ɗaya, anga da kayan kamun kifi ne suka fi yanke wayoyin nan. Inda waya ta kusa tudu, akan sa mata sulke na baƙin ƙarfen zubi, guntu-guntu masu haɗuwa kamar ƙashin baya. Ke nan zubi ne ke kare ta daga wani zubin.

Sintirin da ke sama kuwa na jiragen da Kamaru ta sayo daga Faransa da Sifen da China ne. Yarjejeniyar Yaounde ta Yuni 2013 ta haɗa ƙasashen Tekun Gini kan tsaron ruwa, kuma a Douala cibiyar shiyyar da ta ƙunshi Kamaru da Gabon da Equatorial Guinea da Sao Tome take. Jirgin sintirin da bawul ɗinsa ya fashe, ko farfelarsa ta lanƙwashe, a bakin tasha zai kwana har kaya ya iso daga ƙasar da ta ƙera shi.

Abin da Douala ke da shi

Kamfanin Chantier Naval et Industriel du Cameroun, CNIC, an kafa shi a 1988. Yana da dandamalin gyara masu iyo a Douala, babbansu yana ɗaga jirgi mai ton 10,000. Ana kankare jikin jirgi, a yi walda, a yi fenti, a cire farfela a daidaita ta, a canza anode. An fara gina masa wani wuri a Limbe don gyaran dandamalin haƙar mai, aikin ya yi ta jan ƙafa, kamfanin kuma ya sha fama da matsalar kuɗi. A Edea, bakin kogin Sanaga, ALUCAM tana fitar da alminiyam da wutar madatsar ruwa. A yankin masana'antu na Bassa akwai kamfanoni irin su Prometal da ke narka tsohon ƙarfe, amma galibi rodin gini suke fitarwa. Najeriya ma haka labarin yake da ɗan bambanci: wurin gyaran jiragen sojan ruwa na Legas ya haɗa NNS Andoni a 2012, da Karaduwa a 2016, da Oji a 2021, amma injinansu daga waje suka zo, Ajaokuta kuwa tun 1979 ake jiranta.

Ba wanda zai ce Douala ta tashi gobe ta zuba farfela mai ton 100. Masana'antun da ke yin haka ba su da yawa a duniya, kuma kusa da masu ƙera sababbin jirage suke neman kasuwa, wato China da Koriya ta Kudu da Japan. Wanda ya yi alkawarin haka a taron siyasa, a tambaye shi wa zai saya. Amma tsakanin tukunya da farfelar Emma Maersk akwai fili mai faɗi: anode, da turakun tasha, da zoben tagulla na sandar farfela, da fankar famfo, da sulken waya. Waɗannan ba sa neman tanderu mai ton 100. Abin da suke nema shi ne a san abin da aka narka. Anode misali ne mai kyau: siffarsa ba ta kai ta tukunya wuya ba, amma ɗan baƙin ƙarfe kaɗan ya gauraya da tutiyar, sai ta yi ɓawo ta daina aiki, jirgi ya yi ta tsatsa mai shi yana zaton yana da kariya.

Tsohon ƙarfe da tukunyar miya

Hannun da ya iya zubi akwai shi. A Fumban, Bamun sun shahara da zubin tagulla ta hanyar kakin zuma tun kafin zamanin Sarki Njoya. Zubin tukunyar alminiyam kuwa sabo ne, masana tarihi suna danganta yaɗuwarsa da Senegal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan masu koyon sana'a suka bi da shi gari-gari. Yau ana yin sa a Douala da Yaounde da Garwa da Marwa, kamar yadda ake yi a Kano da Maradi. A Kamaru ana ce wa tukunyar macocotte. Abincin sana'ar shi ne tsohon ƙarfe, ferraille, wanda yara da manya ke tarawa a amalanke, 'yan arewa da yawa a cikinsu. Mai sayen tsohon ƙarfe ya san tagulla ta ninka baƙin ƙarfe kuɗi sau da yawa, yana rarrabe su da maganaɗisu da launi da nauyi a hannu. Gawarwakin jiragen da suka daɗe suna tare bakin tashar Douala, waɗanda hukumar tashar ta sa aka fara kwashewa a shekarun baya, su ma tsohon ƙarfe suka koma.

Sai dai maganaɗisu da ido ba sa ganin komai. Hausawa kan ce tukunyar dalma, alhali dalma ta ainihi, plomb da Faransanci, guba ce. Sunan ya zo daidai da wata matsala ta gaske. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Ashland ta Amurka da ƙungiyar CREPD ta Yaounde suka gwada tukwane 29 da aka zuba a Kamaru, suka tarar da yawansu suna sakin dalma idan an tafasa ruwa mai tsami a ciki. Tushen abin shi ne kayan da ake narkawa: sassan inji, da lagireto, da duk abin da ya yi kama da alminiyam. Dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma miya mai tsami irin ta tumatir ko yakuwa ta fi jawo ta daga jikin tukunya. Mai zubin bai yi da mugunta ba, da irin tukunyar ake dafa wa 'ya'yansa. Ba shi dai da hanyar sanin abin da ya shiga kaskonsa.

Tambayar da ke kan tukunyar ita ce dai wadda Bureau Veritas ke yi wa farfela. Akwai na'urar hannu mai kama da bindigar fenti da manyan dillalan tsohon ƙarfe ke amfani da ita a ƙasashe da yawa: a ɗora ta a kan ƙarfe, cikin daƙiƙoƙi ta nuna kason jan ƙarfe da tutiya da dalma. Kuɗinta ya fi ƙarfin mai zubi ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar sana'a ko ƙaramar hukumar Douala ta Biyu ba, wadda New Bell ke ƙarƙashinta. Wanda ya fara ware tsohon ƙarfensa da ita, tukunyarsa ce za ta fara amfana. Kasuwa ta gaba ba ta da nisa: a Youpwe, inda masunta ke sauke kifi kuma kwale-kwale masu inji ke ɗaukar fasinja zuwa Manoka, ƙananan farfeloli na alminiyam suna dukan yashi da kututture kullum, kuma sabuwa daga kanti ake sayo ta.